Kukar Catford

Sana'ata kayan miya ce. Ina kawo kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da barkono daga Kano, in rarraba wa shagunan Lewisham da Woolwich a nan London, abin da ya rage matan gida su zo har ƙofa su ɗauka. Da buhu ɗaya na fara, a bayan wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi. Na faɗi wannan ne don a san cewa in ana maganar kuka, ni ba ɗan kallo ba ne. In aka zuba mini gari a tafin hannu, kafin ya kai hanci na san ko a inuwa aka shanya ganyen ko a rana, na san kuma ko an ƙara masa wani ganye don ya yi auki.

To ni ɗin nan, ni ne na tsaya gaban wata bishiyar Turawa aka ce mini kuka ce na ce haka ne, kuma har yau ban janye ba.

Bishiyar tana cikin lambun da ke bayan gidanmu a Catford. Tare da gidan muka saye ta. Ranar da dillalin gidaje ya zagaya da mu, sai ya gyara wuyan riga ya ce gidan har beech gare shi. Ni abin da na sani da wannan suna bakin teku ne. Na leƙa ta taga ina neman ruwa da rairayi, ban ga komai ba sai igiyar shanya da wata ƙatuwar bishiya. Na ce a raina, yau na haɗu da dillalin da ya fi ni ƙarfin hali. Daga baya 'yata, wadda a nan aka haife ta, ta yi mini bayani cewa sunan bishiyar ke nan, furucin ne ya zo ɗaya da na teku. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta dafe kai ta ce don Allah kada in sake faɗa a gaban mutane, domin in ban ja sunan da tsawo ba, zagi ne, kuma zagin mata. Daga ranar na bar kiran sunanta. Bishiyar nan kawai nake cewa.

Ba mu shiri da ita da farko. Ta fi gidan tsawo, ɓawonta toka-toka ne sumul, babu kaushi babu tsaga. Da bazara takan yi ganye ta rufe sama ruf, har matata ta shuka alayyahu da tumatir a ƙarƙashinta suka fito kamar zare suka kwanta. Da kaka ganyen ya koma kalar tagulla ya zube ya toshe mana magudanar ruwa, ga wasu 'ya'ya masu ƙaya da ke tsagewa su zubo da ƙwaya mai kusurwa uku, su kurege kuma su yi ta gudu a kan rufi suna kwasa kamar ranar kasuwa. Na yi niyyar sare ta. Council, wato ƙaramar hukuma, suka ce an yi mata rajista, ko reshe ba a taɓawa sai da izininsu. Maƙwabcina, wani tsohon Bature da matarsa ta rasu, da ya ji niyyata sai da ya yi mako bai amsa gaisuwata ba. Na haƙura na bar ta.

Ana nan sai surukata ta zo, a tsakiyar hunturu. Yanar ido ce ta rufe mata gani, ta kai ga ba ta gane mutum sai ya yi magana. Likita ya duba ya ce aiki ne mai sauƙi, amma ya sa rana can wajen ƙarshen Afrilu, ya kuma ce in aka bar shi haka ɗan ganin da ya rage ma tafiya zai yi.

Hajiya ba ta yi mako biyu ba ta ce ta gama. Garin babu rana, babu mai leƙowa ya ce sannu, ruwan ma ɗanɗanonsa daban. Abinci ta ɗan taɓa ta ture. Ta sa aka sauko mata da akwati ta zauna a kai.

Ni da ita ba ma doguwar magana kai tsaye. In na durƙusa na ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" ta amsa, shi ke nan, sauran ta bakin 'yarta yake bi, ko da kuwa ina zaune a wurin.

"Ke, gaya wa Alhaji ya nema mini jirgi."

"Inna, aikin fa?"

"Idon nan na ga abin da zan gani da shi. Na ga aurenki, na ga Ka'aba. Me ya rage? Wannan gajimaren naku?"

Matata ta shiga kicin tana kuka. Ni kuwa na yi abin da na iya, na ce ana neman tikiti, kujeru ne suka yi wuya. Na san wannan ba zai kai ni Afrilu ba, don Hajiya tana da ɗa a Kano da zai iya yi mata booking a waya cikin minti kaɗan.

Wata ranar Asabar rana ta ɗan leƙo, matata ta lallaɓa ta suka fita lambu, an naɗe ta da bargo kamar kayan da za a aika. Ina biye da su riƙe da kujera. Hajiya tana tafe tana lalube da sanda, sai sandar ta bugi gindin bishiyar. Ta miƙa hannu ta shafa. Ta sake shafawa, ta zagaya ta da tafin hannu, ta ɗaga kai ta ga inuwar rassa tsirara babu ganye ko ɗaya.

"La'ilaha illallahu. Kuka!"

"Inna, ai wannan…"

"Kuka ce. Ni za ki gaya wa? A gindin kuka aka yanke mini cibiya. Ji jikinta. Ga shi ta kaɗe ganye, lokacinta ne. Kuna da kuka a gida kuke ba ni miyar gwangwani?" Ta juyo inda take jin numfashina. "Ke, tambayi Alhaji, shi da yake sana'ar. Kuka ce ko ba kuka ba?"

Ban taɓa sayar wa mutum abu da sunan wani abu ba, shi ya sa na daɗe a kasuwa. Amma a inda na tashi, namiji ba ya buɗe baki ya ce wa uwar matarsa ta yi kuskure, balle a kan miya. Na dubi matata, ta ƙura mini ido. Na dubi ƙasa.

"Haka ne, Hajiya."

"To. Ba inda zan je sai ta yi toho na kaɗa miyarta da hannuna."

A ranar aka mayar da akwati saman kabad. Da yamma ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Na zauna na yi tunani irin na ɗan kasuwa. Kaya dai sun karɓu, amma akwai ranar da za a buɗe buhu. Ganyen kuka yatsu biyar gare shi kamar hannu, ko makaho ya taɓa ya sani. In bishiyar nan ta yi ganye kafin ranar aiki, Hajiya ta shafa ta ji ba shi ba ne, ba jirgi kaɗai za ta nema ba, har da ni za ta haɗa. Na kira 'yata na ce ta rantse ba za ta buɗe baki ba. Ta ce, "Daddy, no," sannan ta yi ta zuba da Turanci a kan gaskiya da haƙƙin tsofaffi. Na ce ta je ta gaya wa kakarta da Hausa in ta isa. Nan maganar ta mutu.

Saura maƙwabcina. Hajiya ta mayar da gindin bishiyar wurin zamanta, kullum da hantsi tana can da carbi da bargo, shi kuma yana can yana gyaran furanninsa. Da ya ga an sami mai son bishiyar a gidanmu, sai ya fara jingina da shinge yana yi mata hira. Shi ba ya jin Hausa, ita ba ta jin Turanci, amma sai su yi rabin awa kowa yana gyaɗa kai. Wata rana Hajiya ta sa aka kira ni in yi tafinta. Tafinta kuwa dillanci ne, aikinka kowa ya tashi yana ganin shi ya ci riba.

Tsohon ya ce bishiyar ta girmi duk gidajen layin.

"Ya ce ta daɗe a nan, Hajiya."

"Ai na ji a jikinta."

Ya ce saiwoyinta a sama-sama suke, ba ta son a haƙa ƙasa kusa da ita, ba ta son a tattake gindinta. Ganyen da ta zubar a bar mata a ƙasa, shi ne takinta. In aka yi zafi mai tsawo kuma a ba ta ruwa, don ba ta jure fari.

"Ya ce ba ta jure ƙishirwa."

"Kuka? To sangarta ta suka yi."

Daga nan Hajiya ta ce a kawo wuƙa, tana son a sassaƙo mata ɓawon kaɗan ta jiƙa, yana maganin sanyin ƙashi. Na fassara wa tsohon. Fuskarsa ta yi ja kamar an mare shi. Ya ce ɓawonta siriri ne, duk yankan da aka yi mata da shi za ta mutu, kuma council suna da sunanta a rubuce, wanda ya sare ta zai gamu da su. Ya ɗaga yatsa yana kaɗawa.

"Me yake cewa yake kumfar baki?"

Na gyara murya. Sannan na ce, "Ya ce tana da masu ita, Hajiya. Ba a sara. Wanda ya sara, sukan biyo shi har gida."

Hajiya ta janye hannunta daga jikin bishiyar a hankali, ta yi a'uziyya, ta gyara zama.

"Na sani. Tun ranar da na taɓa ta na ji nauyinta. Ashe har Turawa sun san da su." Ta ɗaga murya wajen shinge. "Sannu, Malam. Allah ya tsare mu da su baki ɗaya."

Tsohon ya cire hula ya rusuna. Ban faɗi kalmar ƙarya ko ɗaya ba a wannan ranar, kuma ina alfahari da hakan. Daga nan Hajiya ta kafa doka, ba a zuwa gindin bishiyar da tsakar rana, ba a zubar da ruwan zafi a wurin, wanda zai wuce kuma ya yi sallama. Har ni. Mutum da gidansa, ina fita da kwandon shara ina yi wa council sallama.

Na tambayi tsohon a keɓe yaushe take yin ganye. Ya ce ita ba ta gaggawa, sai sauran bishiyoyi sun gama sannan take farkawa, wajen ƙarshen Afrilu, in an yi ɗumi kuma ta ɗan riga. Ya jawo reshe ya nuna mini kawunan tohon, dogaye masu tsini launin ƙasa, kamar tsinken sakace. Ya ce ko babu ganye, da wannan tsinin da santsin ɓawon ake gane ta. Daga ranar kullum da safe sai na duba su kafin in duba wayata. Ina jin duk London ni kaɗai ne Bahaushen da ke roƙon Allah ya ƙara sanyi. A masallaci ana cewa Allah ya kawo mana ɗumi, kowa yana amin, ni ina tari.

Ɗumin ya zo. Saura kwanaki a yi aiki, na fito da safe na tarar tsinken nan duk sun fashe. Ganye ya fito, kore shar, laushi kamar siliki, da ninki-ninki a jikinsa kamar an goge shi da dutsen guga, gefensa da wani gashi siriri irin na girar jariri. Gaskiya ban taɓa lura da kyansa ba sai ranar da ya zo ya tona mini asiri. Falle ɗaya ne, mai siffar ƙwai. Babu yatsa ko guda.

Hajiya ta fito, ta yi sallama, ta ce a miƙo mata reshe. Rassan ƙasa suna saukowa har kafaɗar mutum, na jawo ɗaya na sa mata a hannu. Ta murza ganyen. Ta bi gefensa da yatsa. Ta kai hanci, ta kai baki, ta tauna. Matata ta kama bakin mayafinta tana murɗawa.

"Falle ɗaya," in ji Hajiya.

Ta sake murza shi.

"Yarinya ce ashe. Ƙaramar kuka ai da falle ɗaya take farawa, sai ta girma take raba yatsu. Ke, tambayi Alhaji in ƙarya nake."

Wannan kam gaskiya ce, duk wanda ya taɓa ganin kuka tana tsirowa ya sani. Na ce, "Haka ne, Hajiya," da ƙarfina. Yarinyar da ta girmi kakan Hajiya ta kaɗa rassa a kanmu.

Sai aikin tsinka. Na fara tabbatarwa wurin tsohon cewa ganyen ba ya kisa. Ya ce suna yara sukan tauna sabon tohon, ɗan tsami-tsami gare shi, kuma ɗiban ganye kaɗan ba zai tayar da masu ita ba. Ya ma kawo tsaninsa ya riƙe mini, a zatonsa salak za mu yi. Na hau da jallabiya da safa, Hajiya tana ƙasa tana ba da umarni ga 'yarta, 'yarta tana miƙo mini. Aka shanya a ɗakin 'yata a kan zanin gado, a inuwa, yadda ake yi. Da ya bushe Hajiya ta ce ba a sa mata kuka a inji, aka fito da ƙaramin turmin da muke daka yaji, matata ta daka, aka tankaɗe, aka zuba a kwalba.

Na ɗebi cokali ɗaya muka gwada ni da matata a ɓoye. Muka kaɗa, muka kaɗa. Ruwa daban, gari daban, yana yawo a sama kamar ƙurar da aka share. Babu kauri, babu yauƙi, ƙamshin kuwa na ciyawar doki.

"Alhaji, mun shiga uku," in ji matata. "Gobe za ta kaɗa."

Washegari da hantsi, Hajiya ta tayar da sallar walha, wadda takan daɗe a kanta. Na shiga gareji na buɗe buhun da na fi ji da shi, kukar sabon ganye, shanyar inuwa, wadda nake ajiye wa manyan kwastomomi. Na juye garin kwalbar na cika ta da tawa. Na bar ɗan kaɗan na bishiyar na gauraya, don in an ce daga gindin nan ta fito, a sami abin kamawa. A sana'armu marasa tsoron Allah jabu suke zubawa cikin na gaske. Ni na gaske na zuba cikin jabu, ban san sunan wannan laifin ba.

Hajiya ta kaɗa miya da hannunta, da daddawa da naman rago da man shanu. Gidan ya ɗauki ƙamshi har tsohon ya leƙo ta shinge, aka zuba masa, ya ci da cokali yana share hawayen yaji. Ni aka kai mini nawa falo, don ba na cin abinci a gabanta. Ina ci ina jiyo ta daga ɗaki.

"Ke, je ki gaya wa Alhaji, wannan ita ce kuka. Waccan da yake sayar wa mutane, cutarsa ake yi a Kano. Ya zo ya ɗanɗana ya ji bambanci, ko ya koyi sana'arsa."

Matata ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta isar da saƙo, tana danne dariya. Na haɗiye lomar da ke bakina na ce a ce mata na gode, zan gyara.

Ranar aiki Hajiya da kanta ta riga kowa shiryawa. Aka yi lafiya. Da aka cire abin da aka rufe idon da shi, abu na farko da ta gani furfurar 'yarta ce, ta kuma faɗa. Na biyu labulen falo, ta ce wa ya zaɓi wannan. Ni ta dube ni sau ɗaya ta kawar da kai, daga baya na ji tana tambayar 'yarta ko dama haka nake da tumbi.

Bayan 'yan kwanaki ta ce za ta fita lambu. Ba sanda. Muka bi ta a baya, ni da matata da 'yata, kamar masu rakiyar wanda zai yanke mana hukunci. Ta yi sallama, ta tsaya, ta ɗaga kai. Ta bi gangar jikin da kallo, siririya miƙaƙƙiya, ba tumbi irin na kuka. Ta dubi rassan, ta dubi ganyen da ya riga ya rufe sama, kowanne falle ɗaya har ƙololuwa. Ta daɗe tana kallo. Ni dai ina lissafin ta inda zan fara ba da haƙuri.

Sai ta juya ga jikarta.

"Ke, 'yar boko. Zo nan. Mene ne sunan bishiyar nan?"

Yarinyar ta dube ni, ta dubi uwarta. Ta ji tambayar sarai, amma da ta buɗe baki Turanci ne ya zubo, tana cewa ita ba ta sani ba, ita ba ruwanta, a tambayi Daddy.

Hajiya ta tafa hannu.

"Kun ji ko? To haka ita ma. Kuka ce, amma haifaffiyar nan ce. Ka yi mata magana da Hausa, ta mayar maka da Turanci. Dubi jikinta duk a tsotse, sanyi ya hana ta ƙiba, ganyen ma ya kasa buɗe yatsu. Amma da aka sa ta a tukunya ai asali ya fito." Ta dafa kan yarinyar. "Ke ma haka za a yi miki."

Ta zauna har aka gama duba idon aka sallame ta, ta koma Kano tana karanta Alƙur'aninta da kanta, da sauran garin kwalbar a ƙulle a bakin zani.

Tun daga shekarar, duk ƙarshen Afrilu sai ta kira a bidiyo. Sai na jingina tsanin maƙwabcina na hau, matata tana riƙe da waya, Hajiya tana nuna reshen da take so. In an gama in shiga gareji in ɗebo mata daga buhun da ya taso daga Kano, in ba matafiyi ya mayar da shi Kano. Bishiyar kuwa yanzu ni ke ba ta ruwa in an yi zafi, ganyen da ta zubar in tara mata a gindi, ba na bari kowa ya haƙa kusa da ita.

Bara na haɗa mata da ƙulli biyu, ɗaya na ce na bishiya ne, ɗaya na kasuwata, duka daga buhu guda. Saƙo ya dawo ta bakin 'yarta. Na bishiyar ya yi daɗi kamar kullum. Nawa kuwa, ta ce a gaya wa Alhaji har yanzu da saura.